Dakashi Ba Gurɓataccen Nono Ba Ne

A gidaje da dama a Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa, da zarar yarinya ta yi haihuwar fari sai ka ji gwaggo ta ce, "'Yar nan, matse wannan ruwan ki zubar, nonon bai gyaru ba tukuna." Dakashi take nufi, nonon farko mai kauri da launin rawaya. Sai a ɗura wa jinjiri ruwa a jira "nonon kirki".

Da kyakkyawar niyya ake yi, amma asara ce. Dakashi cike yake da garkuwar da ke tsare jariri daga gudawa da cututtuka, shi ne kuma ke taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancin dakashin kada ya tayar wa mai jego da hankali: cikin jinjiri a ranar farko ɗan mitsitsi ne, kuma nono kan kawo sosai bayan kwana 2 zuwa 4.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa. Uwar ma tana amfana, domin tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.