Waiwaye: Yadda gubar teku ke bi ta cikin ƙananan kifaye a gaɓar Kalifoniya

Daga ƙarshen Fabrairun 2025 masu ceton dabbobi a kudancin Kalifoniya sun yi makonni ba su huta ba. Kullum sai a kira su bakin ruwa, su tarar da zakin teku, wata dabbar ruwa mai shayarwa, kwance a kan yashi yana kaɗa kai, kumfa na fita a baki, can kuma farfaɗiya ta buge shi. 2025 ce shekara ta huɗu a jere da aka ga haka a yankin. Likitocin dabbobi ba sa wani dogon bincike, sun san mai laifin: guba ce da ake kira asid ɗin domoik. Amma kafin a kai ga wannan sani sai da aka ɗebi shekaru ana lalube.

Gaɓar Kalifoniya na cikin manyan wurare huɗu a duniya da iska ke kore ruwan sama daga bakin gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Sauran su ne Peru, da Namibiya zuwa Afirka ta Kudu, da kuma Maroko zuwa Senegal, inda kifin gwangwani da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu ke fitowa. Ruwan da ya taso yana ɗauke da sinadaran taki, da ya haɗu da hasken rana sai filanktan su yi ta hayayyafa. Filanktan su ne 'yan mitsi-mitsin tsirrai da dabbobi da ke shawagi a ruwa, yawancinsu ido ba ya gani. Sadin da ancobi, wato ƙananan kifayen da ke yawo garke-garke kusa da saman ruwa, su ke cin su. Ancobi yakan wangale baki yana iyo, ruwa na wucewa yana tace abinci kamar rariya, ba ya zaɓe. Daga nan tsuntsu da zakin teku da dolfin su cinye shi. Duk abin da ya shiga cikin wannan ɗan kifin, to ya kama hanyar zuwa cikin kowa.

Abin mamaki, ƙarewar sadin ce ta buɗe ƙofar binciken, tun ba wanda ya san da guba. A kakar 1936 zuwa 1937 an kama sadin fiye da tan 700,000 a gaɓar yammacin Amurka, garin Monterey ya cika da masana'antun gwangwani. Kafin farkon shekarun 1950 kifin ya yi ɓatan dabo, masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta musu: masunta ne suka wuce gona da iri, ko teku ce ta sauya? Don neman amsa aka kafa shirin CalCOFI a 1949. Aikinsa ba mai armashi ba ne. Jirgi ya fita, a auna zafin ruwa, a ja raga mai ƙananan ƙofofi, a zuba abin da ta kamo a kwalba, a rubuta rana da wuri, a ajiye a cibiyar nazarin teku ta Scripps. Haka shekara da shekaru. Daga baya an ƙirga ɓawon kifi a cikin lakar ƙasan teku kusa da Santa Barbara, aka ga sadin ya saba yawaita ya ragu tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan jiragen kamun kifi. Wannan bai wanke masunta ba, domin sun ci gaba da kwasa a daidai lokacin da kifin ke ja da baya.

Ranar 18 ga Agustan 1961, da asuba, mutanen Capitola da ke bakin mashigin Monterey suka farka da ƙarar abu na dukan rufi da tagogi. Dubban tsuntsayen teku ne baƙaƙe, irin masu yin ƙaura daga kudancin duniya, suna faɗowa kan tituna, suna karo da fitilu, suna aman ancobi. Aka ce hazo ne ya ruɗa su. Aka share gari, magana ta wuce.

Ita gubar kuwa an riga an san ta, amma a matsayin magani. A ƙarshen shekarun 1950 masana a Japan suka ciro ta daga wata jar ciyawar teku da mutanen tsibirin Tokunoshima ke sha don kashe tsutsar ciki. Sai a ƙarshen 1987 ta nuna ainihin halinta, a Kanada. Mutum fiye da 100 suka kwanta bayan sun ci wasu halittun ruwa masu ɓawo biyu da ake kiwo a tsibirin Prince Edward. Amai da gudawa, sannan ruɗewa. Uku suka mutu. Wasu sun tashi amma ba sa iya riƙe sabon abu a ka, a gaya wa mutum magana yanzu, an jima ta ɓace. Gubar tana kwaikwayon wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, sai ta yi ta zuga su har su mutu, musamman a sashen da ke adana tunani. Masana a Halifax sun gano ta cikin 'yan kwanaki, daga baya aka bi sawunta zuwa wata gansakuka mai siffar allura daga cikin filanktan, da ake kira Pseudo-nitzschia.

Da aka san abin da za a nema, sai aka fara ganinsa. A Satumban 1991 kwasakwasa da wasu tsuntsaye masu nutso suka yi ta mutuwa a mashigin Monterey, aka feɗe su aka tarar da ancobi, cikin ancobin kuma cike da wannan gansakuka. A 1998 zakunan teku fiye da 400 suka mutu a tsakiyar gaɓar Kalifoniya ta wannan hanya.

Sai aka tuna da kwalaben Scripps. Wata masaniya, Sibel Bargu ta Jami'ar Jihar Louisiana, da abokan aikinta suka ɗauko samfurin da aka ɗiba a yankin Monterey a 1961, suka duba cikin 'yan dabbobin filanktan da ke ciki. Gansakukar tana da ɓawo mai kama da gilashi wanda ba ya ruɓewa, don haka yana nan daram. Kashi 79 cikin 100 na ɓawon da suka samu na Pseudo-nitzschia ne. Shekara 50 bayan faɗowar tsuntsayen Capitola aka samu bayani mai kama hankali, daga kwalbar da wani ya cika don neman sadin. A ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin da aka kashe kan shirin.

Mafi girman ɓarkewa da aka gani ita ce ta 2015. Ruwan arewa maso gabashin tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da ƙima tun shekarar da ta gabace ta, gansakukar ta jure yunwa a cikinsa, da ruwan ƙasa ya taso da taki sai ta bazu daga Kalifoniya har Alaska. Aka jinkirta kamun ƙaguwa a Kalifoniya daga Nuwamba har ƙarshen Maris na 2016, masunta suka tafka asara. A 2015 ɗin ne kuma aka sake rufe kamun sadin saboda ƙarancinsa.

Yanzu ana gwada abincin teku a kai a kai. Idan gubar ta kai miligiram 20 a kilo ɗaya na nama, sai a hana ɗiba. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma a jikin kifi ta fi taruwa a kayan ciki, shi ya sa hukumomi ke cewa a cire su. Zakin teku kuwa ɗungurungum yake haɗiye kifi. Matan ne suka fi shan wahala, domin gansakukar takan yawaita a watannin da suke da tsohon ciki. Wasu su yi ɓari, wasu su haihu lafiya, sai ɗan ya fara girma farfaɗiya ta bayyana a jikinsa.