Ƙibar dexa da sugan da ke biyo bayanta

Makon jiya wata budurwa ta zo wajen mu a asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, biki ya kusa, fuska ta cika tayi zagaye kamar faranti, ciki ya ɗan fito amma hannu da ƙafa sun rame, ga nankarwa jajaye a cinya. Kukanta ɗaya, ƙishirwa da fitsari, wai cikin dare sai ta tashi sau huɗu sau biyar. Nace ƙanwata me kike sha? Tayi shiru, can ta ciro ƙullin leda daga jaka, dexa ce, wato ƙwayar dexamethasone, wata uku kenan tana haɗiya kullum don ta ciko kafin ranar ɗaurin aure. Wasu har sha-ka-fashe suke ce wa irin wannan haɗin, kuma sunan ya dace wallahi.

Dexamethasone, prednisolone, hydrocortisone duk dangi ɗaya ne, kwaikwayon kotisol ne, sinadarin da wasu ƙananan halittu guda biyu dake saman ƙoda ke fitarwa idan jiki ya shiga tashin hankali ko yunwa. Aikinsa ya tara suga a jini saboda ko-ta-kwana. To ke kina zaune lafiya a ɗaki, kin ci tuwonki, amma kin sha ƙwayar da take faɗa wa jiki ana yaƙi.

Shi insulin, sinadarin da fankiriyas (wata halitta dake bayan tumbi) ke fitarwa, aikinsa ya buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka a ƙona shi. Ƙofar nan masana na ce mata GLUT4, kuma dexa hana ta fitowa take, insulin na ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, suga ya tsaya yana yawo a jini. Hanta kuma da ya kamata ta huta idan an ci abinci sai ta hau ƙera sabon suga, da me? Da naman jikinki, shi yasa cinya da damtse ke zubewa. Kitse ma narkewa yake ya shiga jini ya ƙara toshe aikin insulin, sauran ya taru a ciki da fuska da bayan wuya, ga riƙe ruwa da gishiri, ga yunwar da bata ƙarewa. Fankiriyas zata yi ta ƙoƙari tana ƙara fitar da insulin har ta gaji, mai ciwon suga a dangi ko mai ƙiba ko wadda ta taɓa yin suga lokacin da take da juna biyu, ita tafi saurin faɗawa.

Abinda ke yaudarar mutane shine gwajin safe. Mai shan prednisolone da safe, sugansa da rana zuwa yamma yake hawa, kafin gari ya waye ya sauka, sai a gwada kafin karin kumallo ace lafiya lau. A gwada awa 2 bayan abincin rana. Idan ya kai 200 ko sama, wato 11.1 a wasu na'urorin, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, ba wasa bane. Ita dexa ta fi daɗewa, tana wuce kwana ɗaya da rabi tana aiki, kuma ƙwaya ƙarama ce amma 0.75mg ɗinta daidai yake da 5mg na prednisolone.

Kar a ce na ɓata maganin fa. Mai asma, mai ciwon gaɓoɓi, mai ciwon ƙoda, da yawa da shi suke rayuwa, a 2020 ma binciken jami'ar Oxford ya nuna dexa na rage mutuwar masu korona da ke kan iskar oksijin. Matsalar shine shan ta ba likita, ko haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa a kemis ba ka san me ke ciki ba, har man bilicin mai clobetasol, wanda shi ma dangin dexa ne, idan aka daɗe ana shafawa jiki duka yana ratsa fata.

Wanda ya wuce sati 3 yana sha don Allah kar ya daina lokaci ɗaya, halittun nan na saman ƙoda sun yi barci, jini na iya faɗuwa mutum ya suma. A je asibiti da ledar maganin a hannu, likita zai rage shi a hankali. Budurwar nan sugan ta na yamma ya wuce 200, mun rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, yayarta ta raka ta.