Me Ake Nufi da "Terms and Conditions Apply" a Ƙarshen Talla?

Duk mai sauraron rediyo ya san wannan jimla, ko da bai taɓa zama a aji ba. Za a yi tallar garaɓasa da Hausa tiryan-tiryan, da kiɗa da kirari, a ce sa kati ka samu ninki biyu, sai a daƙiƙar ƙarshe murya ta canza, a furta "terms and conditions apply" da sauri a wuce. Wasu masu tallar suna cewa "akwai sharuɗɗa da ƙa'idoji". A allon talla da jarida kuwa, ɗan tauraro ake ɗigawa a gefen farashi, sannan can ƙasa a rubuta T&C, wato "terms and conditions" a taƙaice, da rubutu mitsi-mitsi.

Abin da jimlar take faɗa maka shi ne, abin da ka ji ba shi ne duka maganar ba. Akwai wata takarda, ko wani shafi a intanet, inda aka rubuta wanda ya cancanta, da ranar da abin zai ƙare, da abin da kamfani ya ɗauka a wuyansa da wanda ya ce ba ruwansa. Idan rigima ta tashi, wannan rubutun za a buɗe, ba waƙar tallar ba. A Turancin yau da kullum kalmomin biyu, "terms" da "conditions", tafiya ɗaya suke yi, ba a raba su. Lauyoyi ne suke bambantawa tsakanin babban sharaɗi, wanda karya shi yake ba ɗaya ɓangaren damar fasa cinikin gaba ɗaya, da ƙaramin sharaɗi wanda diyya kawai ake nema idan an saɓa shi. Wannan rabon yana cikin dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada.

Ɗauki garaɓasar kati, tunda ita ce kowa ya taɓa. Ka sa katin naira ɗari biyar, saƙo ya shigo cewa an ƙara maka dubu ɗaya kyauta. Ba ƙarya aka yi maka ba, kuɗin yana nan a wani asusu na daban. Amma in ka bi sharuɗɗan za ka iya tarar da cewa kyautar kwana bakwai take yi ta mutu, cewa kuɗin minti ɗaya a asusun kyauta ya fi na asusunka na ainihi tsada, cewa ba ka iya sayen data da ita ko tura wa wani, kuma datar da aka haɗa maka sai tsakar dare take aiki, lokacin da kai da za ka fita kasuwa da asuba kake barci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage darajar dubu ɗayan nan, kuma babu ko ɗaya da aka ambata a waƙar. Duk an tattara su an cusa cikin kalmomi huɗu na Turanci.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in ba su karanta ba, bai hau kansu ba. A doka ba haka abin yake ba. A 1934 kotun Ingila ta yi hukunci a shari'ar L'Estrange da Graucob. Wata mata mai gidan shan shayi ta sayi na'urar sayar da sigari, ta sa hannu a takardar ciniki ba ta karanta ƙananan rubutun ba. Na'urar ta ƙi aiki yadda ya kamata, ta kai ƙara, aka nuna mata layin da ya cire wa mai sayarwa alhaki. Kotu ta ce tunda ta sa hannu, kuma ba yaudararta aka yi ba, sharaɗin ya ɗaure ta, ta karanta ko ba ta karanta ba. Har yau ana koyar da wannan hukunci ga ɗaliban shari'a a jami'o'inmu. Maɓallin nan da muke dannawa a waya mai cewa "I agree", kamfanoni a matsayin sa hannu suke ɗaukarsa.

Sai dai jimlar ba laya ba ce da za ta wanke kamfani daga komai. A 1949 an yi wata shari'ar a Ingila, Olley da otal ɗin Marlborough Court. An sace wa wata mata kaya masu tsada a ɗakinta, otal ya ce ai akwai sanarwa a cikin ɗakin cewa ba ruwansa da abin da ya ɓata. Kotu ta ce an ƙulla ciniki tun a teburin karɓar baƙi, sanarwar da mutum bai gani ba sai da ya shiga ɗaki ta makara. Wani alƙalin Ingila mai suna Denning ma ya taɓa cewa a 1956 akwai sharuɗɗan da nauyinsu ya kai sai an buga su da jan tawada, da jan hannu yana nuna su, kafin a ce an sanar da mutum. Ka tuna da wannan duk ranar da aka miƙo maka rasit bayan ka riga ka biya, ka ga an buga a ƙasa cewa ba a mayar da kaya, ba a mayar da kuɗi.

A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta hana sharuɗɗan zalunci da na rashin adalci, ta kuma wajabta a jawo hankalin mutum ga duk sharaɗin da yake rage alhakin mai sayarwa kafin a ƙulla ciniki. Akwai kuma tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, mai buƙatar wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an kuma bayyana masa kafin ya dangwala. A nan ne abin yake damuna ƙwarai. In kamfani ya san Hausa lokacin da yake neman kuɗin mai shayi da mai kayan miya, har ya ɗauko mawaƙi, me ya sa Hausar take ƙare masa daidai inda maganar haƙƙi ta fara? Sharuɗɗa uku mafi nauyi ba za su ci daƙiƙa goma a rediyo ba. Barinsu da Turanci, a shafin da sai mai data zai buɗe, sa mutane cinikin biri a sama ne.

Inda abin ya fi yin ɓarna shi ne manhajojin ba da rance. Mutum yana cikin matsi, yaro ba lafiya ko kuɗin haya ya taso, ya sauke manhaja, ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa don hankalinsa yana kan naira dubu goman da zai karɓa. Ran da ya makara da biya, sai saƙo ya isa ga surukinsa da limamin unguwa da maigidansa a wurin aiki, ana kiransa ɓarawo. In an yi magana su ce ai ya yarda da sharuɗɗa. A watan Maris na 2022 hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya ta tilasta musu rajista, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Danna maɓalli bai halatta cin mutunci ba.

Maganar sharaɗi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Mai ba da hayar shago a Kantin Kwari da mai ba da kiwon tumaki duk suna gindaya sharaɗi. Bambancin shi ne nasu a gaban shaidu ake faɗa, kana iya cewa a rage ko a ƙara. Na kamfani an riga an rubuta, ko ka karɓa yadda yake ko ka haƙura.

Ba kuma lalaci kaɗai ke hana karatu ba. A 2008 wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun ƙiyasta cewa mutum zai buƙaci kusan awa 244 a shekara in zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake shiga. Ba wanda zai iya, kuma masu rubutawa sun san haka. Abin da zai yiwu shi ne neman wuraren da kuɗi da sirri suke: yaushe abin zai ƙare, shin yana sabunta kansa ya ciri kuɗi ba tare da an tambaye ka ba, nawa ne tarar makara, wa za a ba bayananka, kuma ta yaya ake fita.

Akwai layi guda da ake yawan samu can wajen ƙarshe, mai cewa kamfani yana iya canza sharuɗɗan duk lokacin da ya ga dama. An ga aikinsa a Janairun 2021, da WhatsApp ya fito da sababbin ƙa'idoji ya ba mutane zuwa 8 ga Fabrairu su amince. Surutu ya yi yawa, jama'a suka yi ta komawa Signal da Telegram, har aka ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu. A Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Tunda shafin da ka gani yau yana iya canzawa gobe, in abin ya shafi kuɗi mai kauri, ɗauki hoton sharuɗɗan a ranar da ka amince, ka adana saƙon garaɓasar, kar ka goge. In rigimar da kamfanin waya ce, ka fara kai kuka wurinsu ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su share maka hawaye ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da layin 622 da ake kira kyauta.