Waiwaye: Tsunami da tsibirin da bai manta ba

Tun da girgizar ƙasa mai maki 8.8 ta auku a gaɓar Kamchatka ta ƙasar Rasha a ƙarshen Yulin 2025, ta tayar da tsunami, wato babbar igiyar teku da ke afka wa tudu, gardama ba ta lafa ba a majalisun Kano. Daga rumfunan Kantin Kwari har teburin mai shayi, wasu na cewa masifu ne suka taso wa duniya farat ɗaya. Wasu kuma na cewa na'urorin gargaɗi sun gama da matsalar, tunda an kwashe jama'a kuma rayukan da aka rasa ba su da yawa. Ikon Allah ne, babu musu, amma abin yana da asali, kuma ya daɗe.

A irin waɗannan gaɓoɓi, ɓawon ƙasa da ke ƙarƙashin teku yana kutsawa ƙarƙashin na tudu, 'yan santimita kaɗan a shekara. Sai ya cije na ɗaruruwan shekaru. Ranar da ya ɓalle, ƙasan teku ta ɗaga, ruwan ya taso yana gudu irin na jirgin sama. Ita kanta Kamchatka ta ga haka a 1952. Chile ta gani a 1960 da maki 9.5, mafi girma da aka taɓa aunawa, igiyar ta ƙetare Tekun Fasifik ta kashe mutane a Hawaii da Japan. A ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar da ta taso daga gaɓar Sumatra ta ƙasar Indonesiya ta ci kusan mutum 230,000 a ƙasashe 14, har Somaliya, a lokacin da Tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi. Japan mai katangun tare teku da jiniyar gargaɗi ta rasa kimanin 18,000 a 2011.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne 1907. A watan Janairun shekarar girgiza ta auku kusa da Simeulue, wani tsibiri a yammacin Sumatra. Teku ta ja da baya, mutane suka sauka tsintar kifi, ruwa ya dawo ya cinye su. Waɗanda suka tsira ba su bar labarin ya mutu ba. Suka sa shi cikin waƙa da hira, iyaye mata suna rera wa 'ya'yan goye, kakanni suna maimaita wa jikoki: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, in teku ta janye, kada ka tsaya ɗaukar komai, ka nufi tudu. Kusan shekara ɗari ana faɗa, alhali yawancin masu faɗar ba su taɓa ganin ruwan da idonsu ba.

A 2004 Simeulue na cikin wuraren da suka fi kusa da tushen girgizar, ruwa ya isa arewacinsa cikin 'yan mintoci. Babu na'urar da za ta iya riga shi. Cikin mutum kimanin 78,000, bakwai ne suka rasu. A birnin Banda Aceh kuwa, lardi ɗaya da su, unguwanni ne suka shafe gaba ɗaya, mutane da yawa ba su san me janyewar teku ke nufi ba. Wannan bambanci yana sosa mini rai ƙwarai, domin ilimin da ya cece su ko sisi ba a kashe masa ba.

Shi ya sa nake ganin mai dogaro da na'ura kaɗai ya yi gaggawa. Gargaɗin na'ura ya fi amfanar wanda ke nesa, kamar mutanen Sri Lanka da ruwa ya iske bayan kusan awa biyu. Na kusa kuwa, abin da ke kansa ne zai fitar da shi, kuma a cikin na kusan akwai ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zuwa Indonesiya da Japan.

Masana sun daɗe suna nuna gaɓar da ke daura da birnin Padang a Sumatra, inda wani yanki na ɓawon ya cije tun babbar girgizar 1797. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke zaune a bakin wannan teku.