Waiwaye: yadda talabijin ya zama fagen rikicin siyasa a Jojiya

Jojiyar da nake nufi ba jihar nan ta Amurka ba ce fa, ƙasar da ke maƙwabtaka da Rasha da Turkiyya ce, mai yarenta da rubutunta na kanta mai harufa 33. Ran 30 ga Disamba 1956 aka fara haska talabijin da yarensu a Tbilisi, babban birnin ƙasar, lokacin suna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, abin da jam'iyyar kwaminisanci ta ga dama shi za ka kalla. Wannan tashar ce dokar 2004 ta mayar ta jama'a, amma har yau 'yan adawa na cewa bakinta ɗaya da gwamnati.

Ainihin rigimar tana wajen tashoshi masu zaman kansu. Rustavi 2 da aka kafa a 1994 ta riƙa tona asirin cin hanci har a Oktoban 2001 jami'an tsaro suka dira ofishinta, mutane suka cika titi, dole Shugaba Shevardnadze ya sallami ministocinsa kaf, kuma ita ce a Nuwamban 2003 ta dinga nuna zanga-zangar maguɗin zaɓe kai tsaye har ya sauka jagoran 'yan adawa Saakashvili ya hau. Abin da ke min ciwo, gwamnatin da talabijin ya taimaka ta hau ita ce ran 7 ga Nuwamba 2007 ta tura 'yan sanda da fuska a rufe suka kutsa tashar Imedi ana tsakiyar shiri suka kashe ta. Bayan ta koma hannun na kusa da gwamnati, Imedin nan ce a Maris 2010 ta watsa rahoton ƙirƙira wai tankokin Rasha sun shigo, mutanen da ba su manta yaƙin da aka yi da Rasha a 2008 ba suka ruɗe, layukan waya suka cushe, wasu suka ruga gidajen mai.

Da attajiri Ivanishvili da jam'iyyarsa suka karɓi mulki a 2012 ba ta sake zani ba. Shari'ar mallakar Rustavi 2 ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a Yulin 2019 tashar ta koma hannun tsohon mai ita Kibar Khalvashi, aka sallami daraktanta Nika Gvaramia, shi kuma ya buɗe tashar Mtavari Arkhi. An ɗaure Gvaramia a 2022, Shugaba Salome Zourabichvili ta yi masa afuwa a 2023, a 2025 kuma Mtavari ta daina watsa shirye-shirye ta akwatin talabijin.