Dakushe Jin Ƙamshi da Sinadarai

Dakushe jin ƙamshi shi ne hana ƙwayoyin jijiyar da ke can saman kogon hanci amsa wani wari, ta hanyar shigar da wani sinadari tsakaninsu da shi. Sinadarin yakan tare makarɓin warin, wato furotin da ke kama wari a jikin ƙwayar jijiyar, ko ya yanke saƙon a cikin ƙwayar kafin ya kama hanyar ƙwaƙwalwa.

Tarihi

A 1991 ne Linda Buck da Richard Axel suka gano dangin ƙwayoyin halittar da ke samar da makarɓan wari, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da makarɓai kimanin iri 400 masu aiki, ɓera kuwa ya haura 1,000. Tun kafin nan, a 1987, Nakamura da Gold sun nuna cewa sinadarin cAMP ne ke buɗe ƙofofin da sodiyam da kalsiyam ke bi su shiga ƙwayar jijiyar, su ta da saƙon wari. Da makarɓi ya kama wari sai ya ta da furotin Golf, shi kuma ya sa a samar da cAMP, ƙofofin su buɗe.

Tarewa a bakin makarɓi

A 2003 masu bincike a Jami'ar Bochum ta Jamus suka ba da rahoton cewa sinadarin undecanal yana hana wani sinadarin ƙamshi, bourgeonal, ta da makarɓin OR1D2, wanda suka yi nazarinsa, abin mamaki, a cikin maniyyi. A 2004 wani rukuni a Tokyo ya nuna cewa methyl isoeugenol yana tare eugenol, sinadarin ƙamshin kanumfari, a wani makarɓin ɓera. Daga baya an fahimci cewa irin wannan tarewa ta zama ruwan dare a duk inda ƙamshi ya gauraya, abin da ake ganin yana cikin dalilan da haɗin turare ke saɓa wa ƙamshin kayan da aka haɗa.

Yankewa a cikin ƙwaya

Sinadarin TCA, mai ɓata giyar inabi ta marfin kwalba, yana danne ƙofofin cAMP ko da ɗan mitsitsi ne, kamar yadda binciken Jami'ar Osaka ya nuna a 2013. A ɗakin gwaji ana amfani da sinadarin SQ22536 don tsayar da samar da cAMP.

Ƙwari

Makarɓan sauro daban suke da namu, domin su kansu ƙofofi ne. Masana sun saɓa kan DEET, maganin korar sauro: wasu sun ce yana rikita makarɓan, wasu sun ce sauro yana jin warinsa ne ya guje shi.