Ƙaramar tocila mai zum: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi min

Sana'ata gyaran rediyo da fitilun caji a nan Gombe, kuma da wuya rana ta faɗi ba a ajiye min 'yar tocilar nan ta ƙarfe mai zum a kan tebur ba, ko dai ta mutu ko kuma mai ita yana so in duba masa kafin ya biya kuɗi. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda.

Malam, wai zum ɗin nan ƙara haske yake yi?

A'a, ko kaɗan. Akwai wani gilashi mai tudu a bakin tocilar, kan ne yake zamewa gaba da baya da shi. In ka jawo shi kusa da ƙwan sai hasken ya baje ya yi faɗi kamar faifai, in ka tura shi gaba sai ya tsuke ya tafi nesa, har ka ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu a jikin bango. To wannan siffar ƙwan LED ɗin ce da kanta kake gani, ba matsala ba ce. Ƙwan dai abin da yake bayarwa shi yake bayarwa, hasali ma in ka tsuke shi wani hasken a cikin bututun yake maƙalewa, bai fitowa.

To ai wadda ta fi cilla haske nesa ita ce mai kyau ko?

Nan ne ake cin kuɗin mutane, kuma nan ne na fi damuwa. Mai shago zai tsuke zum ɗin ya haska maka saman wani bene can nesa, kai kuma ka ce kai, wannan ai fitilar mota ce, ka biya ka tafi. Amma ka tambayi kanka sau nawa a wata kake buƙatar ganin saman bene? Abin da kake buƙata kullum shi ne ganin inda za ka sa ƙafarka, daga ɗaki zuwa bayan gida in an ɗauke wuta, hanyar masallaci da asuba, ko dawowa daga gona bayan magariba.

Mu mutanen jihar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo ba don ado aka yi shi ba, kububuwa tana nan da yawa a ƙasarmu, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, kuma da dare ta fi yawo. Tsukakken haske zai nuna maka abin da ke can gaba ya bar maka gefen ƙafarka cikin duhu. Akwai daren da na fito alwala, na baje hasken a tsakar gida, sai ga kunama a gindin butar, bindi a ɗage, taku ɗaya ne tsakaninmu. Da tsuke shi na yi ina haska ƙofa wallahi da hannu zan kai mata. Don haka in za ka gwada, fara da bajajjen hasken, ka haska ƙasa daga tsayin ƙugunka, ka ga ko faifan ya kai faɗin taku biyu zuwa uku kuma ba shi da baƙin tabo a tsakiya. Na nesan shi ma yana da ranarsa, mai gadi ko mai duba dabbobi a garke zai ji daɗinsa, amma shi ne na biyu.

An rubuta lumen 10,000 a kwalin, gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Lumen ma'aunin yawan haske ne, kuma 'yar tocilar da batir ɗaya na AA ke tuƙawa in ta ba ka ɗari da wani abu ta yi ƙoƙari. Mai batirin caji babba tana iya ba da 'yan ɗaruruwa. Wannan ɗin ma ya ishe ka a gida da gona. Haka in ka ga an buga Cree ko T6 a jiki kar ya ruɗe ka, Cree kamfanin ƙwan fitila ne na gaske daga Amurka, T6 kuma lambar wani ƙwansu ce, amma sunan ake bugawa a kan ƙwan da ba nasu ba. Idonka ya zama alƙali.

Wane batir ya fi, na caji ko na saya-ka-jefar?

Ya danganta da inda kake kwana. In a cikin gari kake, ko wutar JED, kamfanin raba lantarkinmu, ba ta zama kana da fawa bank ko 'yar sola ko mai cajin waya a bakin layi, to ɗauki mai batirin 18650. Sunan daga girmansa ne, kaurin milimita 18, tsawon milimita 65, ƙarfinsa bolt 3.7, irinsa ne a jere a cikin batirin tsofaffin laftof. Sai dai jabunsa ya fi na kirki yawa a kasuwa. Manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic nasu bai cika wuce 3,500 mAh ba (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), to in ka ga an rubuta 9,800 ka san labari ne. Ɗaga shi a tafin hannu, na kirki yana da ɗan nauyi, wajen giram 45, jabun kuwa sakayau za ka ji shi. Kuma in ledar jikinsa ta yage kar ka sa shi a tocilar ƙarfe, gaba ɗaya gangar jikinsa waya ce, yana iya haɗewa ya yi zafi har ya kama wuta.

In kuwa ƙauye ne ko ruga inda caji sai ranar kasuwa, mai AA ta fi maka kwanciyar hankali, kowane mai tebur yana da batirin Tiger Head. Masu cin ƙananan AAA guda uku a cikin ɗan kejin roba su ne ba na so, saurin shanye batir gare su, kejin kuma ba ya daɗewa yake karyewa. Abu ɗaya da zan roƙe ka, in za ka ajiye ta kwana da yawa cire batirin, don ruwan da yake zubarwa shi ke cinye sifirin ɗin, rabin waɗanda ake kawo min abin da ya kashe su ke nan.

Akwai wani na caji mai lamba 14500, girmansa ɗaya da AA sak amma bolt 3.7 ne maimakon 1.5. Kar ka zura shi sai in an rubuta tocilar tana ɗauka, in ba haka ba ƙwan yana iya ƙonewa nan take.

Tana jure ruwa?

Yayyafi dai, ban da nutsewa. Duk sanda ka ja zum ɗin iska take zuƙa ciki, da damina ta shigo da danshi, da hunturu ta shigo da ƙura ta kwanta a bayan gilashin. Ko me aka rubuta a kwali kar ka wanke ta a bokiti.

Me ya sa tawa take ta ƙyaftawa kamar ta 'yan sanda?

Haka aka yi yawancinsu, haske iri uku gare su da makunni ke canzawa, mai ƙarfi, mai rauni, sai mai ƙyaftawa. In ka samu wadda kullum take farawa daga na farko in an kunna, ita za ka ɗauka.

In na je babbar kasuwa me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Ka ce a sa batir a gabanka. Kunna ka kashe kamar sau goma, don makunnin gindin nan shi ke fara mutuwa. Girgiza ta tana kunne, ka ɗan buga ta a tafin hannu, in hasken ya yi rawa ajiye ta ka ce a ba ka wata. Juya kanta ƙasa ka ga ko zum ɗin zai zame da kansa, in ya zame to a aljihu ma haka zai riƙa yi. Kwance murfin gindin ka leƙa, ka ga akwai ɗan zoben roba a kan zaren, sifirin ɗin kuma ba tsatsa. In mai caji ce ta jiki, nemi mai bakin Type-C irin na wayoyin yanzu, caja ɗaya ta ishe ku kai da ita. Sannan ka bar ta a kunne minti biyu ko uku kuna ciniki, ɗumi kaɗan a jikin aluminiyam ba komai, zafin ƙwan yake fitarwa, amma in hasken ya dusashe tun ba ku gama magana ba batirin ne ba shi da rai, ka ce a canza shi ko a rage maka kuɗinsa ka je ka nemi na kirki daban.